Na faɗi cikin fari da bakina, kuma ban yi nadama ba

A lokacin ni ɗaliba ce mai neman digiri na biyu, amarya kuma a unguwar Sheshe, haifaffiyar unguwar Madabo. Tun ina ƙarama ba ni da surutu. Idan baƙi suka cika tsakar gida, ina ɗaki da littafi. A ɗakin gwaje-gwajenmu muna rainon ƙwayoyin sankarar mama a ƙananan faranti, irin waɗanda sinadarin jikin mace, istirojin, ke sa su yaɗu. Muna ɗiga musu wani magani, tamoksifen, wanda ke tare gurbin da sinadarin yake kamawa, mu ga ko za su daina girma. Farin gari ne, kuma ni aka ɗora wa auna shi, saboda hannuna ba ya rawa.

Ana cikin haka na gane ina da ciki. Na san abin da ke rubuce a jikin kwalbar, cewa yana iya cutar da ɗan da ke ciki. Amma malamin da ke duba aikina sa'an mahaifina ne, masallaci ɗaya suke sallah. A gidanmu kuwa cikin fari ko uwarki ba kya faɗa wa, ita ce za ta gani a fuskarki ta kau da kai. Sai na ninka safar hannu, na ɗaure takunkumi, na yi shiru. Makonni na yi ina auna garin nan ina riƙe numfashi.

Wata safiya babu wuta, na'urar zuƙe iska da nake awo a cikinta a kashe, sai na auna a kan tebur da sikeli mai batir. Kwalbar na buɗe aka kawo wuta, fankar sama ta tashi, ta watsa garin. Na ga garin a hannun hijabina, na ji shi a gefen idona. Na wanke, na sake wankewa. Daga nan ban tsaya tunani ba, na shiga ofishin malamin. Akwai ɗalibai maza a zaune. Na ce masa ina da ciki, kuma garin ya zubo mini. Dattijon ya yi salati, ya tambaye ni me ya hana ni magana tuntuni, ya sa aka kai ni wajen likita nan take.

Kafin sati labari ya zaga unguwa. Gwaggona ta sauka daga adaidaita ko mayafi ba ta gyara ba, ta ce boko ya wanke min ido, wai 'yar gidanmu ce ta tsaya gaban maza tana shelar ciki kamar mai tallan awara. Surukata ta ce karatun ya isa haka. Ni da ban taɓa mayar wa babba magana ba, na durƙusa na ce wa Gwaggo ta yi haƙuri, amma da za a maimaita, tun ranar farko zan faɗa. Karatu kuma ban bari ba. An ba wani ɗalibi awon, ni na koma ƙirga ƙwayoyi a madubin gwaji mai ƙara girman abu.

Likita ta ce abin da ya taɓa ni kaɗan ne, amma ba za ta yi mini alkawari ba. Duk hoton ciki da aka yi, sai na ƙura wa bakinta ido. Da na haihu, kafin na tambayi mace ce ko namiji, yatsunta na fara dubawa. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ranar suna mata suka yi ta tsokanata, wai ga wadda ta yi sanarwar cikinta a jami'a. Na ce ƙwarai, ni ce, ga kuma sakamakon a hannun Gwaggo tana yi mata rawa.

Abin da nake nadama shi ne makonnin da na yi shiru. Na san haɗarin, na karanta shi da idona, amma na fi jin tsoron bakin mutane. 'Yar'uwata, idan aikinki da sinadarai ne, a asibiti, a makaranta ko a masana'anta, ranar da kika gane ki faɗa, ko gaban wa ne. Masu cewa ba ki da kunya za su gama su koma gidajensu, ke ce za ki goya abin da kika haifa.