Katangar da Mai Kujera Yake Bi

A unguwar ba wanda yake ce masa makaho. Mai Kujera ake kiransa, don sana'arsa ke nan: a kawo masa kujerar ƙarfe da ta zube, ya saƙe ta da igiyar roba, ta fita kamar yau aka ɗauko ta daga kanti. Ƙyanda ce ta tafi da idanunsa tun bai yi wayo ba. Da saƙar nan ya yi aure, ya gina ɗaki biyu, ya sa 'yarsa a makaranta har ta zama malama. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne a riƙe masa hannu a hanya. Ko matarsa ce ta kai hannu sai ya ture, ya ce, "Bari, uwar malama, kada ki ɓatar da ni."

Kuma da gaskiyarsa. Daga ƙofar gida zuwa rumfarsa ta bakin kasuwa, ba inda bai sani ba. Katangar makarantar firamare yake shafawa da hannun hagu, mai kaushin siminti, har ya kai inda ta tsage. Daga nan saiwar darbejiya ta daki sandarsa, ya ɗaga ƙafa. Ƙarar injin markaɗe ce ke sa shi ya karya kwana, ƙamshin gidan burodi ya gaya masa ya kusa, rediyon mai aski ya ce masa ya iso. Baƙo idan ya ɓace a lungunan nan, wajensa ake tura shi kwatance. Mai aski kan ce, "Mu masu ido dai asarar kuɗin tabarau muke yi."

Ciwon unguwar ɗaya ne, ruwa. Da damina ta sauka sai ya shiga ɗakuna, a yi ta shanya katifu a kan katanga. Shi ya sa da ƙaramar hukuma ta ce za ta sabunta unguwar, Mai Kujera ne ya riga kowa zuwa taron. A wani aji aka yi shi, dattawa a takure kan bencin yara. Wani jami'i daga ofishin tsara gari, mai murya kamar an shafa mata mai, ya manna taswira a allo yana ta faɗin "kamar yadda kuke gani." Bai bar kaɗa makullin motarsa ba har ya gama. Mai Kujera ya ɗaga sanda.

"Ranka ya daɗe, ni dai ban gani ba, amma na ji. Kwatar nan da za a haƙa, za a rufe ta?"

"Za a rufe, Baba. A kashi na biyu."

Aka yi tafi, aka ɗauke shi hoto yana murmushi. Ba a jima ba matarsa ta dawo daga kasuwa tana dariya, ta ce an kafa hotonsa ƙato a bakin titi, an rubuta cewa an tafi da kowa. Ya ji daɗi, bawan Allah, har ya tambaye ta ko hularsa ta zauna daidai.

Sai katafila ta zo. Aka ture katangar makarantar, aka ja da baya aka kafa waya. Aka sare darbejiyar, wai tana kan layi. Mai markaɗe da mai burodi aka ce suna damun jama'a da ƙara da hayaƙi, jama'ar da ba wanda ya kai ƙararsu, aka kwashe su zuwa bayan gari. Masu rumfa kuwa aka ba su shaguna a tsallaken sabon titi, jere reras, ƙofa iri ɗaya, bango sumul iri ɗaya. Kwata ta miƙe hagu da dama, zurfinta ya kai ƙugun mutum, bakinta a buɗe. A faɗi gaskiya, ruwa ya daina shiga ɗakuna. Amma a ce duk ofishin nan, da digirorinsu da na'urorinsu, an rasa mutum ɗaya da zai runtse ido ya taka titin da ya zana? Hoton makaho ya yi musu amfani, ƙafarsa ce ba su da lokacinta. Wannan abu da ban haushi yake.

Duk tsawon aikin Mai Kujera yana gida. Da farko ana biyo shi da kujeru har tsakar gida, daga baya suka ɗauke. 'Yarsa malama ta je ofishin ta tambayi murfin kwata, aka ce fayil ɗin yana teburin oga. Ta koma, aka ce oga ya tafi taro. Matarsa ta ce, "Malam, ka bar ni in riƙa kai ka, ai ba abin kunya ba ne." Ya murza igiyar roba, sannan ya ce, "A unguwar da aka haife ni?"

Ranar da ciyaman zai buɗe titin, yana jin lasifika ya tashi ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗauki jakar kayan aiki da makullin sabon shagon da bai taɓa shiga ba. Bai gaya wa kowa ba. Ya lallaba ya haye katakon da maƙwabci ya gitta kan kwata a ƙofar gida, ya juya hagu kamar kullum.

Ba komai. Sandarsa ta yi ta bugun kwalta, ko'ina amo ɗaya. Ya kasa kunne, ba injin markaɗe. Ya shaƙi iska, sai warin sabon fenti. Ya matsa gefe, sandar ta faɗa rami, ya ja baya da sauri, wani babur ya wuce ta bayansa har ya taɓa masa riga. Mutumin da yake yi wa baƙi kwatance ya tsaya cak, bai san gabas ba bai san yamma ba. Ya ce a ransa ba mamaki katangar tana nan gaba kaɗan, an dai matsar da ita ne. Ya miƙa hannun hagu yana lalube a iska.

Motocin manya suna wucewa a jere. Ɗaya ta rage gudu, aka buɗe ƙofa, takalmi ya taho da sauri, makulli yana ƙara. Sai ya ji an cusa masa takarda mai laushi a tafin hannu, an naɗe masa yatsu a kanta.

"Ungo, Baba, a yi mana addu'a."

Ya san muryar. Ita ce ta ce masa kashi na biyu. Hannun nan tun da Allah ya yi shi bai taɓa karɓar sadaka ba, duk kantar igiya ce a jikinsa. Ya miƙa takardar wajen da muryar ta fito.

"Ranka ya daɗe, ba bara nake yi ba. Katanga nake nema."

Motar ta riga ta tafi. Can nesa ana ta tafi, an yanka ƙyalle. Ya daɗe a tsaye kafin ya ji takun silifas ɗin da ya sani, da numfashin wadda ta yi gudu. Matarsa ce. Ta zare takardar daga hannunsa ta yar a kwata, ta sa nata hannun a wurin. Wannan karon bai ture ba.