Mutumin da Ya Yage Sitika Arba'in

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe ɗakin kwamfutoci na kwalejinmu. Zai rataye hularsa a ƙusar bayan ƙofa, ya bi layi yana kunna na'urori ɗaya bayan ɗaya, kunnensa a kan kukan fanka. Shekara ashirin da shida yana haka. Mu malamai Injiniya muke ce masa, ko da yake "mataimakin mai gyara" ne a takardar aikinsa, kuma ba a taɓa canza ta ba. Ɗalibai kuwa Baba Biyu-biyu suka sani.

Sunan daga memori ya samo shi, wato siraran allunan nan da kwamfuta ke ɗora aikin da take yi a kansu. Duk wanda ya je masa da shawarar haɗa kwamfuta, amsar ɗaya ce.

"Sayi biyu-biyu. Guda biyu masu giga takwas sun fi guda ɗaya mai sha shida. Girma ɗaya, gudu ɗaya, in da hali daga kwali ɗaya."

In ka tambayi dalili, sai ya ce, "Hanya biyu ce tsakanin memori da furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ka sa guda ɗaya, ka toshe hanya ɗaya da hannunka." Ɗalibai sun ce ko biro biyu yake saƙalawa a aljihu, kada guda ya yi kaɗaici.

Ni zanen gine-gine nake koyarwa, kuma abin da zan faɗa a gabana aka yi shi. Shekara uku da suka wuce aka kawo mana sababbin kwamfutoci arba'in, saura mako biyu jarrabawar 'yan ajin ƙarshe. Da muka ɗora manhajar zane sai suka fara ja da ciki. Ka juya hoton gini, ka jira. Wasu su daskare, aikin awa biyu ya tafi. Wata ɗaliba mai goyo ta kifa kai a tebur tana kuka, domin wannan ce damarta ta ƙarshe.

Injiniya ya leƙa ta ramukan iska da tocila, ya duba abin da na'urar ke nunawa, ya je ofishin shugaban sashe. Na bi shi.

"Ranka ya daɗe, memori biyu ne a kowace, amma an jera su kafaɗa da kafaɗa a hanya ɗaya. Kuma tsince-tsince ne, wannan mai gudu, wannan mai rarrafe, wasu ma ba sa jituwa. A kira ɗan kwangilar da ya kawo su ya gyara."

Shugaban bai ɗago daga wayarsa ba. "Injiniya, kamfani guda ne ya haɗa su. Kai ka fi su sani?"

"Wannan dai na sani."

An kira ɗan kwangila, ya ce sai bayan wata guda. Ya kuma ja kunne cewa duk wanda ya taɓa sitikar da ke bakin murfi, garanti ya tashi.

Da muka fito na ce, "Injiniya, ka bar musu kayansu. Saura maka shekara uku."

Ya ce, "Malam, su yaran saura musu kwana goma."

Kwana uku ya yi. Ya yage sitika arba'in, ya zare memori tamanin, ya shimfiɗa su a kan kwali yana karanta ƙananan lambobin jikinsu da tabarau a kan hanci. Ya haɗa kowanne da ɗan'uwansa, ya mayar da su gurbi na biyu da na huɗu cikin gurabe huɗun da ke kowace kwamfuta, ɗaya a kowace hanya. Guda shida matattu ne, ya ware su. Aka yi jarrabawa a kwamfutoci talatin da bakwai, ko ɗaya ba ta daskare ba. Mai goyon nan ta ci, yau tana aiki.

A taron yaye ɗalibai an yaba wa shugaban sashe bisa hangen nesa. Injiniya kuma ya samu takardar tuhuma: lalata kayan kwaleji ba da izini ba. Ita aka kafa hujja da ita aka hana shi ƙarin girman da ya yi shekara tara yana jira. Mu da muka gani mun yi gunaguni a ɗakin malamai, amma da aka ce a rubuta takarda a sa hannu, biro ya yi wa kowa nauyi. Har da ni.

Makon jiya ya yi ritaya. Ba taro, ba jawabi. 'Yarsa ta fari ce ta zo da mota ta ɗauki akwatin kayan aikinsa. A bakin ƙofa mai gadi ya ce sai an buɗe akwatin an duba, umarni ne daga sama. Ya buɗe da kansa. Sukudireba huɗu, burushi, tocila. 'Yar ta ce, "Baba, shekara ashirin da shida?" Ya ce, "Rufe mu tafi, uwata."

Baba Biyu-biyu, kai ne ka san abin da ke cikin akwatin kwamfutar da kowa ke yaba fentinsa. Kai ne ka zaɓi takardar tuhuma a kan faɗuwar 'ya'yan mutane, kana sane da abin da zai biyo baya. Mai hannu mai tsabta, mun gode. Na gode, kuma ka yafe mini sa hannun da ban yi ba. Allah ya ba ka lafiya da hutu, ya sa 'ya'yanka su ji ƙanka.

Masu gyara da ke tasowa, ku koyi aikinsa: ku karanta lamba kafin ku saya, ku duba gurbi kafin ku danna, ku faɗi gaskiya ko ba a ɗago an dube ku ba. Mu kuma sauran, in akwai irinsa a wurin aikinku, ku tsaya masa tun yana nan. Rubutu irin nawa, bayan mutum ya tafi, ba ya cire takarda daga fayil.