Malam Zayyanu da Tunkiyar Dundaye

Taubashina Zayyanu ya shekara talatin da biyu yana koyar da Turanci a wata firamare a Runjin Sambo, ya yi ritaya ba ko keke, sai ƙamus mai nauyin buhun gero. A ciki ya tsinci wata kalma, folisefalas, wato halitta mai kai fiye da ɗaya, kamar macijin tatsuniya ko dabbar da aka haifa a haka. Turawan ma, in ji shi, sai sun ci sun ƙoshi suke furta ta. Ya adana ta kamar rigar Sallah, yana jiran ranar da zai faɗe ta gaban jama'a, a san bai yi zaman banza a aji ba.

Sau ɗaya ya gwada ta a kan kwamitin masallaci mai shugabanni huɗu. Da suka ji fassara, suka sallame shi.

Bara da damina aka ce tunkiyar Yari, wani manomi a Dundaye, ta haifi ɗa mai kai biyu. Zayyanu ya zura babbar riga ya hau keke napep, yana ta maimaita kalmar har direba ya ɗauka wuridi yake yi.

Ya tarar da rabin Sakkwato a gidan, kowa ya ɗaga waya. Bashar, tsohon ɗalibinsa mai aikin rediyo, ya rusuna ya miƙa masa makirufo. Zayyanu ya gyara murya, ya sako kalmar, ya bi ta da bayani kamar huɗuba.

Yari na tsugune gefen tunkiyar, ya ɗago kai.

"Malam, tunda ka san sunan abin, mi za a ba uwar? Tun sahe ba ta tashi ba, kuma ita kaɗai gare ni."

Zayyanu ya mayar wa Bashar makirufonsa. Ƙamus bai koya masa wannan ba.

Duk da haka, bayan La'asar ya tara maƙwabta a ƙofar gida, ya ƙure rediyo. Aka sa muryar Yari, aka sa kukan tunkiya, aka ce ta mutu da azahar. Sai talla ta biyo.

"Ina naka bayanin, Malam?" in ji wani maƙwabci.

Zayyanu ya kashe rediyon. Yanzu matarsa Zulaihatu da ƙamus ɗin take tokare ƙofar kicin, shi kuwa kullum sai ya tsallake shi.