Gidan da Kawu Ya Gyara wa Baƙuwa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, gyaran keke yake yi, amma duk ƙauyenmu Injiniya ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mutane suka karɓa don tsokana, shi kuwa har yau bai gano ba. Rumfarsa tana bakin hanya. Ba komai a ciki sai benci mai ƙafa uku da dutse a madadin ta huɗu, bahon ruwan da yake tsoma tayoyi don neman huji, famfo, da akwatin sifanu wanda ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba.

Ciwon Kawu ɗaya ne: ba ya iya ganin abu yana zaman lafiya ya ƙyale shi. Ka kai masa faci, ka dawo ka tarar ya ɗaga maka sirdi, ya lanƙwasa kan keken, wai haka ake yayi a birni. Rediyon matarsa lafiya lau yake magana, Kawu ya kwance shi don ya ƙara masa murya. Shekara shida ke nan rediyon yana ajiye a kan kantar ɗaki an lulluɓe shi da ƙyalle. In ka yi ƙorafi sai ya ce ku 'yan ƙauye ba ku da ido. Shekara talatin yana jiran ranar da wani wanda ya ga duniya zai dubi aikin hannunsa ya jinjina masa a gaban jama'a. Wannan ne kaɗai burinsa, kuma ba ya ɓoyewa.

Ni direba ne a gonar gwajin iri da ke kusa da mu. Bara aka turo mana wata baƙuwa daga ƙasa mai nisa, masaniyar irin shuka, za ta yi shekara biyu. An ba ta ɗaki a masaukin baƙi cikin gari, ta ce ita a ƙauye take son zama, kusa da manoma. Ni aka ɗora wa nemo mata haya. Kwana huɗu muna yawo. Na kai ta gidan wani ɗan kasuwa mai tayil har banɗaki, ta leƙa ta fito tana fifita da littafinta. Na kai ta gidan tsohon hedimasta, injin niƙa ya tashi a bayan katanga, ta girgiza kai. Raina ya fara ɓaci, don duk gidan da nake alfahari da shi ita kallon tanda take masa.

A rana ta biyar, don dai kada a ce ban yi ƙoƙari ba, na bi da ita ta tsohon gidan kakana a gefen ƙauye, wanda Kawu ya gada ya garƙame. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, ɗaki biyu da rufin ciyawa, ga wani ƙaton mangwaro a tsakar gida da ya lulluɓe komai da inuwa. Ni kunyar nuna shi nake ji. Ita kuwa ta shiga ɗaki, ta dafa bango, ta tsaya tana jin sanyin wurin. Ta fito ta zauna a kan saiwar mangwaron har na gaji da tsayuwa.

Na aika aka kira Kawu, ya zo da baƙin mai a hannu. Baƙuwar ta koyi harshenmu a littafi, a hankali take magana, amma ba ta kuskure.

"Baba, wannan gida nake so," in ji ta. "Zan dawo da kayana bayan sati uku. Don Allah kada a taɓa komai. A share kawai."

"An gama, ranki ya daɗe," in ji Kawu, bakinsa har kunne.

Da na mai da ita gari na dawo, na same shi yana auna bango da igiya.

"Kawu, me kuma za a yi? Ai ta ce kada a taɓa."

"Ka ji kawaici irin na manya ko?" ya ce. "Kai in ka ajiye wa baƙo abinci ya ce ya ƙoshi, ɗauke kwanon kake yi? Mace ta taso daga ƙasar da ko kaji a bene suke kwana, in saka ta a ƙarƙashin ciyawa a yi da ni a gari?"

"Wallahi Kawu da gaske take."

"Kai tuƙi ka sani. Bar wa masu aikin aikinsu."

Kashegari ya ja sansa na noma zuwa kasuwa. Matarsa ta bi shi har bakin ƙofa tana cewa, "Malam, damina fa ta kusa, da me za mu yi huɗa?" Ya yi kunnen uwar shegu da ita. Aka yaye ciyawa aka buga kwano mai walƙiya. Aka fasa bangon nan mai kauri aka saka manyan tagogin gilashi suna kallon yamma. Aka shafe tsakar gida da siminti, aka yi wa ɗakuna fenti ruwan hoda. Da ya koma bakin hanya ya hango, sai ya ga ba a ganin ko kusurwar kwanon, mangwaro ya tare. To ina amfanin aikin da masu wucewa ba za su gani ba? Kwana biyu masu gatari suna fama da bishiyar.

Ni duk na ga wannan, kuma lambar wayarta tana hannuna. Ban kira ta ba. Tsoron bakin mahaifiyata nake, kada a ce na hana ƙaninta cin arziki. Wannan laifina ne, kuma har yau yana damuna.

Ranar tarewa Kawu ya sa sabuwar riga, ya gayyato maƙwabta, har da mai niƙa da ya kashe injinsa don ya zo kallo. Rana tsaka na tsayar da mota. Baƙuwar ta dubi gidan, ta dube ni, ta tambaya ko mun ɓata hanya. Na ce nan ne. Ta sauka, zafin siminti yana dukan fuska. Ta shiga ɗaki, ba ta yi minti ɗaya ba ta fito da gumi. Sai ta tsaya a gaban kututturen mangwaron, wanda Kawu ya yi wa fenti fari don ta riƙa ajiye kofin shayi.

"Wa ya yi wannan?" ta ce.

Kawu ya gyara wuyan riga, ya matso gaba don kowa ya gan shi. "Ni ne, ranki ya daɗe. Da hannuna na tsara komai."

Ta juyo ta dube shi. Idonta ya kawo ruwa, ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, ai na roƙe ka," ta ce.

Ko jaka ɗaya ba a sauke ba. Kafin la'asar ta kama hayar ɗaki a gidan wata tsohuwa mai awaki, katanga ɗaya da wanda Kawu ya gyara, gidan da ya saba kira akurki. Tsohuwar ba ta gyara komai ba, don ba ta da abin gyarawa.

Kawu ya bi rumfa-rumfa yana cewa ashe ko a ƙasashen waje akwai 'yan ƙauye. Gidan kuwa ba wanda ya nema, sai ƙadangaru da ke shan rana a kan siminti. Daminar nan da fartanya shi da matarsa suka yi noma, kuma tsawon wata guda gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

Baƙuwar ta sayi keke tana zuwa gona da shi. Wata safiya ina zaune a bencin Kawu sai ga ta tana turo shi, tayar baya a kwance. Kawu ya miƙe da sauri, ya goge hannu a wando, har ya jawo bahon ruwa. Ta iso daidai rumfar, ta rusuna kaɗan.

"Ina kwana, Baba?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe. Kawo mu gani."

"Na gode, Baba," ta ce, ta ci gaba da tura kekenta.

Mai gyara na gaba yana wani ƙauye, tafiyar awa guda a ƙasa. Kawu ya bi ta da ido har ta sha kwana. Na jira ya fara zagin 'yan ƙauye, bai yi ba. Ya zauna a hankali, ya ce da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba:

"Faci ne kawai fa. Wallahi da ba zan taɓa komai ba."