Ganyen da Kaka Ta Nema Kwana Uku

Har yau in aka jefa sabara a wuta, hayaƙin ya bugi hancina, sai in ji ni a gidanmu na Gure, ina 'yar shekara takwas, kaka na riƙe da hannuna tana shinshinawa.

Kakar nan uwar babanmu ce. A kan takarkari aka kawo ta daga wani ƙauye can gabas da Bune, bayan mijinta ya rasu, idanunta kuma sun mutu. Hausarta ta gaisuwa ce kawai, sauran duk Mangancin garinsu. Amma fa wajen sanin itace, wallahi ban ga na biyunta ba. Ta murza ganye, ta kai hanci, ta faɗa miki ko a tudu ya tsiro ko a kwari.

Damina ta tsaya, gero ya fara kai, sai zawo ya kama ƙanwata, autarmu, ba a daɗe da yaye ta ba. Kwana ɗaya idanunta suka faɗa. Kaka ta shafa cikinta, ta ce a samo ganyen kaza a dafa. Ta faɗi sunan. Baba ya dubi Inna, Inna ta dubi Baba. Babu wanda ya taɓa jin sa.

Baba ya zaga tsofaffin Mangawan unguwa, suka ce su kam ba haka suke kiran kowane itace ba. Ya tambayi Fulani a bakin rijiya, ya tambayi masu saiwoyi a kasuwa. Kowa ya ba shi abin da yake zato. Aka kawo kalgo, aka kawo anza, aka kawo ganyen aduwa. Kaka ta murza, ta shinshina, ta yar. Ta yi ta kwatance da hannu, mu kuma muna tsaye kamar tumaki. Ran na uku yarinya ko kuka ta daina. Na ga kaka na dukan cinyarta tana hawaye. Maganin na bakinta, ta rasa yadda za ta miƙo mana shi.

Da hantsi Inna ta aike ni bayan gida in karyo ƙirare. Na dawo na kai wa kaka ruwa. Tana karɓar ƙwaryar sai ta cafke hannuna, ta manna shi a hancinta, ta daka mini tambaya da Manganci.

"Ke! Ina kika taɓa wannan?"

Na ɗauka laifi na yi, na fara rantse-rantse. Da na ce a bayan gida ne, Baba ya bi ni da gudu, na nuna masa. Ya dafe kai ya ce, "Sabara? Sabara muke nema kwana uku?" Ga ta nan cunkus bayan danga, kullum awakinmu a cikinta suke wuni.

Aka dafa, aka ɗura wa yarinyar kaɗan-kaɗan. Allah ya yi da sauran kwananta. Washegari ta nemi kunu.

A bara jikar ƙanwar tawa, da ta yi nisa a lakkwal, wato makarantar boko, tana karatun tsirrai, ta zo da wani littafi mai zanen ganyaye. Ta ce masana sun haɗu sun ba kowane tsiro da kowace dabba suna guda mai kashi biyu, ɗaya na danginsa, ɗaya nasa na kansa. Ta haka Bamange da Bafillace da bature, in sun faɗe shi, abu ɗaya suke nufi. Ta karanta mini na sabara. Oho, harshena ya ƙi juyawa, ta yi ta yi mini dariya.

Na ce, "Yi dariyarki, kishiyata. Saura ƙiris rashin suna guda ya hana ki zuwa duniya."

Sai ta ɗauko alƙalami, ta ce in faɗa mata sunan da kaka ke kiran ta da shi, ta rubuta a gefen na masana. Na buɗe baki, na lalubo, na lalubo. Babu. Kwana uku ana faɗinsa a kunnena, amma ya bi tsohuwar kabari. Jikar ta bar wurin fili, ta ce ko zan tuna.