Katangar Filin Ƙwallon Ƙauyenmu

Duk lokacin da na wuce inda ake kwaɓa siminti, warin nan nasa mai sanyi ya bugi hancina, sai in tuna gida. Jiya ma haka ta faru a unguwar Yalwawa ina dawowa daga aiki. Na tsaya a bakin titi kamar mai jiran wani, alhali ƙauyenmu na tuna, da filin ƙwallonmu, da Babanmu.

Filin nan asalinsa gonar gyaɗar kakanmu ce, a bayan makarantar firamare. Ƙasar ta gaji, shi ya sa da samari suka roƙe shi bai ja magana ba. A lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Dutse ta zama babban birni, kowane ƙauye yana ganin shi ma lokacinsa ya zo. Da hannu muka tumɓuke ƙaya, muka kafa sandunan darbejiya a madadin raga. Da damina ciyawa ta kai mana gwiwa, da bazara rairayi ya ƙona mana tafin ƙafa. Da yamma kuma shanun makiyaya su ratsa ta tsakiya ana cikin wasa, dole a ɗauke ƙwallo a riƙe sai sun wuce.

Shanun nan su suka jawo maganar katanga. Dattawa suka zauna a ƙofar gidan dagaci, aka yanke cewa kowane gida zai ba da tiya biyu ta gero bayan kaka. Babanmu malamin firamare ne, mutum mai kaffa-kaffa da abin mutane, sai aka ce shi zai riƙe. Har yau ina ganin buhunan a jere a zaurenmu, Innarmu tana korar kaji daga bakin ƙofa. Ya kai geron kasuwar Kiyawa ya sayar, ya dawo ya faɗi abin da aka samu a gaban kowa bayan sallar Juma'a.

Ana nan sai kansilanmu ya zo da wani ɗan kwangila daga Dutse. Mutumin ya ce hukuma ta yarda za ta cika sauran, har da wurin zaman 'yan kallo, amma a ba shi na hannu ya fara buga bulo. Babanmu ya ƙirga masa a gaban liman da sarkin noma. Ba a rubuta komai ba. Ka san mutanen da, neman takarda a gaban liman kamar zagi ne.

An yi katangar yamma, an yi matakala uku na zama. Mun yi murna, har muna tsoma hannu a ɗanyen siminti. Daga nan aiki ya tsaya. Damina uku ta wuce a kan ragowar yashin, har tafasa ta tsiro a kansa.

Bayan an dawo mulkin siyasa, wata rana aka wayi gari da allo a bakin filin, an rubuta cewa hukuma ce ta yi aikin, ita ta biya kuɗinsa kaf. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kafin la'asar tambaya ɗaya ce a bakin kowa: in hukuma ta biya, ina kuɗin geronmu?

Liman ya riga ya rasu. Sarkin noma ya tsufa, ya ce ya ga an miƙa kuɗi amma ba zai iya cewa nawa ba ne. Ɗan kwangilar kuwa, Babanmu ya hau keke ya je unguwar Limawa a Dutse nemansa har sau huɗu, ana cewa ya tashi. Shekarun ne da aka fara shari'ar Musulunci, maganar amana ta yi zafi a zukata. Mutanen da ke durƙusawa su gaida Babanmu suka koma ɗaga hannu daga nesa.

A gaban dagaci wani ya ce Babanmu ya dafa Alƙur'ani. Kakanmu, da sandarsa, ya ce, "Malam, dafa mana. Ai gaskiya gare ka."

Babanmu ya ce, "Baba, ban ci ba. Amma ni aka ba, ni na miƙa ba takarda. Ko na rantse, geronsu bai dawo ba."

Ranar kasuwa ya kora shanun huɗarmu guda biyu ya sayar. Ya bi gida-gida yana mayar wa kowa kuɗin geronsa. Wasu suka ƙi karɓa, wata tsohuwa har da hawaye. Wasu suka karɓa, suka ce da ma in bai ci ba me zai sa ya biya. Daminar nan da fartanya muka yi noma, tuwo kuma ya ragu a akushi. Babanmu ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya, amma ya canza hanyar zuwa makaranta, yana zagayawa ta bayan rijiya don kada ya bi ta filin. Haka ya yi har Allah Ya karɓi abinsa.

Yanzu yara suna wasa a wurin da takalma da riguna masu lamba, abin da mu ba mu taɓa mafarki ba. Katangar dai tana nan ɓangare guda, ta tsage. Da ƙaramar sallah samari uku suka same ni a gida, ɗaya jikan wanda ya ce a dafa Alƙur'anin ne, bai ma san an yi ba. Sun kafa kwamitin ƙarasa ginin, yanzu ta waya ake tara kuɗi.

"Kawu," in ji jikan nan, "kai muke so ka riƙe mana. Kowa ya ce gidanku gidan amana ne."

Na ba su abin da ya sawwaƙa, na ce sauran maganar su ba ni lokaci in yi tunani. Ga babbar sallah ta wuce, sun kira sau biyu, ban ba su amsa ba.