Motar Baba a Hanyar Paris

Bayan sadakar arba'in ɗin Baba, Inna ta ce za ta koma Damagaram. Ba ta nemi shawarar kowa ba. Kayan gidanmu na hawa na tara a unguwar Minguettes, gefen birnin Lyon, cikin kwana uku muka rarraba wa maƙwabta. Abu ɗaya ya rage, motar da ke kulle a gareji, ƙarƙashin benen.

Tsohuwar motar Amurka ce, koriya, mai dogon kai, ta girme ni nesa ba kusa ba. Baba ya saye ta tana mushe a shekarar da ya bar aikin masana'anta a Vénissieux, ya yi ta bin ta da gyara har ta tashi. In ya tada ta, sai mutanen hawa na biyu sun leƙo ta taga.

"Ki sayar ko ki bayar," in ji Inna, tana ninke zannuwa. "Ni ba na son jin ƙararta."

Na ce zan tafi da ita Paris. Ban san dalili ba. Ɗaki ɗaya gare ni a Aubervilliers, gefen Paris, aikin jinya nake yi, kullum jirgin ƙasa na metro nake shiga. A kwanakin nan abin da ya fara zuwa bakina shi nake faɗa. Ban yi kuka a asibiti ba, ban yi ranar jana'iza ba. Mata suna ta yaba tawakkalina, ni kuwa ji nake kamar an cusa mini auduga a kunne da ƙirji.

Ranar Juma'a na raka Inna filin jirgi. Asabar da hantsi na tada motar na kama hanya. Ban gama fita daga Lyon ba na faɗa cunkoso, sai na ga allurar zafin inji tana hawa. Na zuba mata ido har ta shige ja. Wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika motar, tururi ya fara fitowa ta gaba. Na lallaba na sauka gefen titi, na kashe, na ɗaga murfin inji. Ban ji tsoro ba. Na tsaya kawai ina kallon tururin.

Na kira aminin Baba, wani dattijo mutumin Tahoua da ya tsufa a kanikanci. Kawu nake ce masa tun ina ƙarama. Ko gaisuwa ba mu gama ba na ce mota tana tururi, ya katse ni.

"Kin taɓa marufin radiyata?"

"Yanzu zan buɗe, Kawu."

"Kul! Ɗiyata, ɗauke hannunki. Ruwan nan zai saɓule miki fuska. Zauna ki jira ni."

Na zauna a kan ƙarfen gefen titi. Motoci suna wucewa, wasu suna rage gudu su ɗauki hoton motar. Da ya iso bai yi mini faɗa ba. Ya jira ta huce, ya ƙara ruwa, ya sa na kunna na'urar ɗumama ciki har ƙarshe don ta janye wa injin zafi. Haka muka rarrafo Vénissieux, inda Kawu yake zaune, cikin watan bazara, tagogi a buɗe, gumi yana bin bayana.

A bayan gidansa muka aje ta. Ya zaro sandar gwada mai, ya goga a farin tsumma, ya nuna mini.

"Kin gani, baƙi ne tas. Da ya yi fari-fari kamar an zuba madara, da ruwa ya shiga mai, da sai mu ce innalillahi. Zuciyar injin lafiyarta lau."

Na ce to. Ya ja bel ɗin fanka da yatsa, bai saki ba. Ya leƙa ƙasa, babu yoyo. Ya tada motar, ya bar ta ta ɗauki zafi, ya kama hannuna ya ɗora a kan babban tiyon da ke sama.

"Me kika ji?"

"Babu zafi sosai."

"To inji yana tafasa, tiyo yana sanyi. Ruwa ba ya zagawa ke nan. Akwai wata 'yar ƙofa a nan, termosta, ita ke buɗewa in zafi ya kai. Ina jin ta maƙale."

Bayan azahar ya ba ni sifana ya ce in kwance termostan da kaina. Noti biyu ne, ɗaya ya ci tsatsa, sai da na ƙwarzane yatsa. Na ga jinin, ban ji zafinsa ba. Abin da na ciro bai fi murfin kwalba girma ba. Kawu ya aro tukunya a wurin matarsa, tana mita, ya jefa shi cikin ruwa a kan wuta. Mu uku muka tsaya a kicin muna kallo. Ruwa ya tafasa, ya yi ta tafasa, abin bai motsa ba.

Ya ce sabo sai an yi oda, irin wannan ba a samunsa a shagon unguwa. Na je buɗe bayan motar in ɗauko tsumma, sai ga wani ɗan kwali cikin leda, kusa da tayar ko-ta-kwana. Sabon termosta ne, ba a ko yage shi ba. A jikin kwalin da rubutun Baba na biro, da Faransanci: a canza kafin bazara.

Na miƙa wa Kawu. Ya karanta, ya juya baya, kafaɗunsa suka shiga girgiza. Na tsaya riƙe da tsumman ina jira ya gama. Na tuna ina tunanin ko akwai gam ɗin da za mu liƙe bakin termostan da shi.

Washegari muka zubar da tsohon ruwan. Ja ne kamar ruwan tabki, don Baba na famfo yake zubawa. Muka yi ta ɗura ruwa a radiyata muna zubarwa har ya fito fari. Na ɗaura sabon termostan, na ɗaure notin yadda ya ce, kaɗan nan, kaɗan can. Muka zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, muka bar ta tana aiki babu marufi har kumfar iska ta ƙare. Can sai na ji tiyon ya ɗauki zafi a tafin hannuna.

"Ta buɗe," in ji Kawu.

Litinin da safe na tafi. Matarsa ta ƙulla mini dambun nama a leda. Duk tsawon hanyar allurar ba ta wuce tsakiya ba, ni ma ban kunna rediyo ba. Na tsaya sau biyu na sha mai, wani Bature ya tambaye ni shekarar da aka ƙera ta, na ce ban sani ba.

Da la'asar na shiga Aubervilliers. Wani ɗan Maraɗi mai gadin sito ya yarda in aje ta a lungu, bayan kwalayen takalma. Na rufe ta da tampol, na taka zuwa gida. Akwai wasiƙu uku a akwati da madarar da ta lalace a firji. Na zubar da madarar, na goge rigar aikin gobe.